Angar ɗin Mutanen Bukari

Kwanakin baya samarin da ke zaman shayi a ƙofar gidana, nan Zongon Wagadugu, suka nuna mini wani bidiyo a waya. Wani nasara ne da matarsa suna kafa angar, ginin ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar an tsaga ganga biyu an kifa, wanda ba shi da ginshiƙi ko ɗaya a ciki. Kafin shayi ya tafasa sun gama, har sun shigar da mota. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba Isufu, ashe a kan wannan ka yi furfura? Ai ɗaure bulon ne kawai." Ban ce masa ƙarya yake yi ba, ɗaure bulon ne. Sai dai a bidiyon ban ga iska ba, ban ga rana ba, kuma ƙarfen sabo ne fil. Ku saurara in gaya muku yadda aikin yake a ƙasar nan.

Kayan angar daga bakin teku suke zuwa, Lome ko Tema, a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, falle cikin falle kamar an jera faranti. Wanda bai saba ba in ya ga tulin sai ya ce an cuce shi, don ginin da zai ci hatsin gari guda da ƙyar yake kai ƙugu in yana kwance. Kowane falle an lanƙwasa shi tun daga masana'anta, an huda gefunansa. Falle da falle su ba da baka ɗaya, wadda ke tashi daga wannan gefe ta sauka wancan. Baka da baka su ba da gini. Bulon, abin da mutanen Kano ke ce wa noti, cikin bokitai yake zuwa, kowanne da 'yar roba a wuya don kada ruwan sama ya bi ramin. Kayan aikinmu kuwa ba su cika buhu ba: kile, wato sifana na ɗaurewa, da doguwar igiya, da siririn tiyo da muke cika wa ruwa mu gane ko daɓe ya daidaita, sai tsinken ƙarfe mai tsini wanda ake zurawa a rami a ja falle har ramukan su haɗu. Safar hannu kuma dole ce. Bakin fallen nan yanka yake kamar aska, kuma a bazara, da rana ta take, ba ka iya dafa shi da hannu tsirara.

Ni karen mota ne na shigo Wagadugu daga Birnin Konni. Kamiyonmu ya kawo kayan angar wani fili a unguwar Larle, muka sauke, sai injin ya ƙi tashi. Muna jiran kayan gyara, ba ni da abin yi sai kallon masu aikin. Shugabansu wani Bamoshe ne gajere, sunansa Salfo, Allah ya jiƙansa. Ya ga ina zaune, ya miƙo mini igiya ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Riƙe. In na ce saki, kar ka saki." Na riƙe. Da kamiyon ya tashi ban bi shi ba.

Salfo bai bar ni na hau saman gini ba sai da na daɗe ƙwarai a ciki. Aikin bulon na mutum biyu ne: ɗaya a waje yana zurawa, ɗaya a ciki yana kama shi da ekuru, wato abin da ake murzawa a gindinsa. Na ciki ba ya ganin na waje. Yana tsaye kan tsani, kansa a ɗage, zafin ƙarfe na dukansa kamar yana cikin tanda, jira yake ya ga tsinin bulon ya leƙo. Magana ba ta ratsa ƙarfen sosai, don haka da ƙwanƙwasa ake yi. A nan na koyi jin gini. In baka ta zauna daidai, sautinta daban. In tana cikin matsi, kuka take yi ƙasa-ƙasa. In na yi gaggawa sai Salfo ya buga kile a kan ƙarfen daidai kunnena ya ce, "Bilfu-bilfu," wato sannu-sannu da Moshanci.

Baka ta farko ita ce mai wuya, don ba ta da abin jingina. Ana haɗa rabi da rabi a ƙasa, a ɗaga su da igiya da tokarai, mutum biyu a kan gadon katako su haɗa su a sama. Kafin ta biyu ta zo ta kama ta, rawa take yi kamar ganyen dawa. In ta karkata da faɗin yatsa, ta ƙarshe za ta karkata da kamu guda. Shi ya sa Salfo kan ɓata rabin yini a kanta, mai gini na tsaye yana duba agogo.

Akwai wani Alhaji ɗan Kano mai sayar da atamfa, wanda ya sayi angar don ajiyar kaya a unguwar Sisin ya ce shi da ma'aikatan shagonsa za su kafa. Mutum ne mai hankali, kuma abin da ya yi shi kowa zai yi: duk bulon da suka zura sai su ɗaure shi tamau, don kada wani abu ya faɗo. To amma angar ba ta son haka. Da yatsa ake murza bulon a bar shi sako-sako har sai duk ginin ya tsaya, don ƙarfen ya samu wurin motsi ya nemi mazauninsa. In ka ɗaure tun farko, kowace baka sai ta ɗan buɗe, ginin ya riƙa tsawo ba ka sani ba. Da suka zo ƙarshe, daɓe ya ƙare, baka biyu ba su da wurin tsayawa. Ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Malam Isufu, ko dai sun ƙaro mini ne daga can?" Na ce, "Alhaji, ba su ƙaro ba. Kwancewa za mu yi." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka kawo mana shinkafa, shi ma ya tuɓe riga ya kama kile. Irin waɗannan masu gini sun fi mini na Waga 2000, unguwar masu kuɗi, waɗanda ba ka ganinsu sai ta tagar mota.

Mafi yawan aikinmu ba a birni yake ba. Arewa muke zuwa, muna kafa wa ƙauyuka rumbun hatsi da wurin ajiyar albasa. Bayan rasuwar Salfo, ni da Mamman, wani ɗan Tawa da muka koyi aiki tare, muka ci gaba da bin waɗannan hanyoyi. Sai shekarar da hanyoyin suka lalace. Kun san abin da nake nufi, kun ga mutanen da 'yan bindiga suka koro, suka cika bakin unguwar nan. Direbobi suka daina zuwa, masu ba da aiki suka daina kira. Mamman ya koma tura kura yana sayar da ruwa. Ni kuma ina gyaran ƙofofi da gadaje, in an samu. Buhun kayan aikina ya yi wata da watanni a ƙarƙashin gado.

Cikin bazarar da ta biyo baya, bayan sallar la'asar, liman ya haɗa ni da wani dattijo dogo, rigarsa duk jar ƙasa. Sunansa Bukari. Fataucin hatsi ya yi a da, don haka yana jin Hausa. Muka gaisa, ya ce, "Malam, an ce kai ne mai kafa ɗakin ƙarfe."

Na ce, "Da can."

Ya ce, "Muna da guda. Zo ka gani."

Na bi shi zuwa bayan unguwa, inda gidaje ke ƙarewa. Wani mai fili ya ba su aron wuri. Mata da yara da tsofaffi suna zaune ƙarƙashin zannuwa da buhuna da aka ɗaura a sanduna. A gefe ga tulin falle, wasu a lanƙwashe, wasu a yage. Ina ɗaga na farko na gane shi. Mu muka kafa wannan angar da Salfo, a wani ƙauye can gaba da garin Kaya, lokacin ina da ƙarfina. Rumbun hatsin ƙauyen ne.

Na ce, "Dattijo, mutane na gudu da tabarma da tukunya, ku kuka ɗauko gini?"

Ya ce, "Motar da muka samu ta zo ɗaukar hatsi ne. Hatsi kuwa an riga an kwashe. Gidajenmu na ƙasa ne, ba su ɗaukuwa. Wannan kaɗai ne namu duka, kuma yana kwancewa." Ya dubi gabas ya ce, "Ruwa ya kusa. Ba mu da abin biyanka. Ka nuna mana, mu za mu yi da hannunmu."

Na zauna na bi fallen ɗaya bayan ɗaya. Ba su kwance shi yadda ake kwancewa ba, don ba su da lokaci. Gindin kowace baka a cikin siminti yake, sai suka sa diga suka fasa, ƙafafun duk sun tauye. An cakuɗa na sama da na gefe. Bulon kuwa rabi ya zube a hanya, robar sauran ta bushe ta farfashe. Na gaya masa gaskiya: ginin da zai fito ba zai kai na da tsawo ba, don sai mun yar da waɗanda suka yage, kuma sai mun datse ƙafafun duka daidai wa daida, don haka zai ɗan rage tsayi. Ya ce, "Mu ma mun ragu."

Na je na samu Mamman a bakin famfo. Bai tambaye ni ko akwai kuɗi ba, ya ce dai in bar shi ya kai wannan ruwan. 'Yan kasuwar masallacinmu suka haɗa siminti da yashi, muka zuba gindi layi biyu, kowanne da kwarin da ƙafafun baka za su zauna ciki. Robar bulon kuwa daga tsohon tayun babur muka yanka ta, tsofaffin da ba su iya ɗaga ƙarfe su suka zauna a inuwa suna yi da almakashi. Fallen da suka lanƙwashe muka kwantar kan yashi muna bugu da guduma ta katako har suka dawo.

Maza masu ƙarfi kaɗan ne a cikinsu, ban kuwa tambayi inda sauran suke ba. Don haka aikin ciki mata suka yi. Shugabarsu wata ce Azeta, ƙanwar Bukari, mace mai kaifin ido. Ba ta jin Hausa, Moshancina kuma na santiye ne, na wurin aiki kawai, amma ƙwanƙwasa ba ta da yare. Yini ɗaya ta gane. Kafin a jima ita ke buga mini ƙarfe in na zura bulon a karkace. Matan suka ɗaure zani a ƙugu, suka hau tsani da ekuru cike da bakin gyale. Tsohon ƙarfe ramukansa ba su haɗuwa da daɗi, sai an sa tsinke an ja, wani lokaci mutum uku a kan rami guda. A haka baka ta farko ta tsaya, ta biyu ta kama ta, muka ci gaba.

Mun wuce rabi ranar da hadari ya taso. Ba lokacin da angar ta fi rauni kamar wannan: bulon sako-sako, gindi ba a kama ba, gaba da baya a buɗe. Iska in ta shiga ba ture ta take yi ba, ɗaga ta take yi daga ciki kamar laima. Bayan azahar gabas ta yi ja, tsuntsaye suka yi shiru. Na sauko na tarar an shigar da yara da tsofaffi ƙarƙashin ɓangaren da ya tsaya, suna shan inuwa. Na ce wa Bukari a fitar da kowa, a kai su bayan katangar maƙwabta.

Ya ce, "Ruwa za a yi, ka ce su fita?"

Na ce, "Ruwa jiƙa su zai yi. Wannan in ta tashi yanka su za ta yi."

Sai ya daka tsawa da Moshanci, aka kwashe yaran. Muka jefa duk igiyar da muke da ita ta saman ginin. Turakun da muka kafa ba za su isa ba. Mamman ya ruga bakin famfo ya dawo da abokan sana'arsa, kowa na ture da gangarsa cike da ruwa. Muka kwantar da kurayen a gefe da gefe muka ɗaure igiyoyin a jikinsu. Inda ganga ba ta kai ba, mutane suka kama. Iskar ta iso da ƙasa da ledoji, ba ka ganin na kusa da kai. Ginin ya fara numfashi, ya kumbura ya sauka, ƙarfe na kuka. Na ga wata ganga cike da ruwa tana ja a ƙasa kamar akuya. Azeta da mata huɗu suna kwance rub da ciki a kan igiya guda. Baka ta ƙarshe, wadda muka ɗaga da safe, ta murɗe ta tsinke daga 'yar'uwarta, falle ɗaya ya tashi ya sari Mamman a dantse kafin ya tafi ya faɗa cikin wata gona. Sai ruwa ya sauko, iska ta kwanta. Sauran ginin na nan tsaye.

Aka ɗaure wa Mamman hannu da gyale aka kai shi asibiti a babur, aka yi masa ɗinki. Har yau hannun ba ya ɗaga kaya mai nauyi, kura ma ya bar ta. Da ya dawo yana zama a gefe yana duba mana tsayuwar baka da ido, in ta karkata ya yi magana.

Da muka ɗaga ta ƙarshe, muka bi ginin daga wannan kai zuwa wancan muna ɗaure bulon, na ce wa Bukari gobe za mu kwaɓa siminti mu cika kwarin, gindi ya kamu. Ya ce a'a.

Na ɗauka bai ji ba ne, na sake faɗi. Na ce, "Dattijo, ka ga abin da iska ta yi. Angar da ba a kama gindinta ba ba gini ba ce."

Ya ce, "Na gani. Na kuma ga abin da diga ta yi wa ƙafafunta. In ka zuba siminti, ranar komawa sai mun sake fasawa, ka sake datsewa. Sau nawa za a datse ta kafin ta zama akurki?"

Na ce, "Wace ranar komawa?"

Bukari ya ce, "Malam Isufu, ƙarfe ka sani, ka tsaya a kan ƙarfe. Filin nan aro ne. Ginin nan na ƙauyenmu ne. In na bari aka binne ƙafarsa a nan, me zan ce wa matan can?"

Na ce ni kuma ba zan bar yara su kwana ƙarƙashin abin da ban kama ba, in ya ƙi sai in kwance shi da hannuna. Muka rabu a haka. Na koma gida ban ci abinci da daɗi ba.

Washegari na biya wa Mamman na gaya masa. Ya ce, "To ka kama ta da abin da ke kwancewa mana." Muka zauna muka zana a ƙasa. Na je wurin masu tsohon ƙarfe a Larle na samo dogayen ƙarfe masu kusurwa. Muka huda simintin gindin da hannu, rami bayan rami, muka dasa manyan bulon a ciki, muka kwantar da ƙarfen muka ɗaure shi, sannan muka ɗaure ƙafar kowace baka a jikinsa. Kwarin kuma muka cika shi da laka muka shafe da kwalta, abin da fartanya za ta iya ƙwaƙulewa. Aikin ya fi zuba siminti wahala nesa ba kusa ba, kuma na gaya wa Bukari sharaɗinsa: duk shekara kafin ruwa sai an bi gindin nan da kile, bulon bayan bulon. Na ba Azeta kile ɗaya daga cikin nawa, don ita na yarda da hannunta. Gaba da baya suka rufe da tubalin ƙasa, suka raba ciki da zana, kowane gida da lungunsa. Ruwa na gaba da aka yi a ciki ya same su.

Ranar da zan kwashe kayana Bukari ya zo da gwangwanin jan fenti. Ya ce, "Saura abu ɗaya. Ka nuna mana yadda ake kwancewa." Na nuna musu: daga baka ta ƙarshe ake farawa, na sama kafin na gefe, igiya a ɗaure har a gama, bulon cikin bokiti mai murfi. Muka bi kowane falle daga ciki muka sa masa lamba, don kada a sake cakuɗa su.

Damina da yawa ta wuce tun lokacin. Aiki ya ɗan dawo, amma gwiwoyina sun daina son tsani. Bukari ya rasu bara, a Zongo aka binne shi, na je jana'iza. Angar tana nan inda muka kafa ta, duk mai so ya je ya gani, bayan famfo na ƙarshe. Zafin ƙarfe na cin fenti, lambobin kan dushe. Watan jiya na bi ta wurin na leƙa, na tarar da Azeta a kan tsani da gwangwani a hannu, tana sake bin su ɗaya bayan ɗaya.